Daga Harobanda zuwa Yantala: Abin da Ƙafa ke Kai wa Zuciya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a cikin suratul Hajji, aya ta 46, Allah Maɗaukakin Sarki Ya haɗa abubuwa biyu da mutane ba su saba haɗawa ba. Ya zargi waɗanda suka ƙi yin tafiya a bayan ƙasa domin su samu zuciya mai lura, sannan Ya nuna cewa makantar da ake tsoro a ƙirji take zaune. Ayar ta faro daga ƙafa, ta ƙare a zuciya. Malaman tafsiri sun yi dogon bayani a kanta. Masu ilimin tashrihi kuma, wato sanin yadda aka gina jikin mutum gaɓa-gaɓa, sun tarar da wata alaƙa ta tsoka da jini a tsakanin waɗannan biyun, wadda ya kamata kowane muridi ya sani.

Tura jini daga ƙirji zuwa tafin ƙafa ba ya yi wa zuciya wuya, domin gangara ce. Dawowarsa ita ce aiki, saboda hawa ne na fiye da mita ɗaya. Sai Allah Ya bi da jijiyoyin da ke maido da jini ta tsakiyar tsokar sha-raɓa, Ya kuma sanya ƙananan marufai a cikinsu, waɗanda ba sa buɗewa sai ta sama. Duk takun da mutum ya yi, tsokar za ta matse jijiya, jini ya hau. In ya nemi komawa ƙasa, marfi ya rufe. Shi ya sa likitoci ke kiran sha-raɓa zuciya ta biyu. Wanda ya taɓa wuni a zaune cikin mota daga Yamai zuwa Damagaram ya san yadda ƙafa ke kumbura, kuma wanda aka yi wa aiki a asibiti, da zarar ya samu dama ake ce masa ya tashi ya taka. Da tafiya ƙafa ke aika wa zuciya abin da ya taru a cikinta.

Sai dai a yi hattara tun daga nan. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 1111 miladiyya, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa kalmar zuciya tana da ma'ana biyu. Akwai tsokar da ke ɓangaren hagu na ƙirji, wadda dabba ma tana da ita, gawa ma tana da ita. Akwai kuma wani sirri na Ubangiji da ke rataye da wannan tsokar, shi ne mai sani, shi ake yi wa magana, shi za a tambaya. Wuƙar likita ba ta isa ga na biyun. Amma Wanda Ya halicci ɗaya Shi Ya halicci ɗayan, kuma sau da yawa Yakan sanya na fili ya zama misali ga na ɓoye. Ba banza ba kalmomin mutanen Allah duk na tafiya ne: ɗariƙa hanya ce, suluki tafiya ne, saliki matafiyi ne, har ita shari'a asalin ma'anarta a Larabci turbar da ke kai mutum mashaya.

Bahaushe ma, in zai kwatanta gari, da jikinsa yake kwatantawa. Yana cewa cikin gari da bayan gari, bakin kasuwa da bakin kogi, kan gada da gindin bishiya. Zabarmawa sun kira ƙetaren kogin Yamai Harobanda, wato bayan ruwa. A suratul Mulki, inda Allah Ya umarci bayi su yi tafiya a sassan ƙasa su ci daga arzikinSa, kalmar da aka yi amfani da ita ga sassan ƙasa asalinta kafaɗu take nufi. Saboda haka wanda ya ɗauki Yamai a ƙafa yana karanta jikinsa bai zo da baƙon abu ba.

A Harobanda tafiyar ta fi dacewa ta fara, domin a can Jami'ar Abdou Moumouni take, da tsangayarta ta ilimin lafiya, inda samari da 'yammata ke haddace sunayen ƙasusuwa da Faransanci. Gazali ya yi magana a kan masu irin wannan karatu a cikin Almunƙizu minad Dalal. Ya ce wanda ya zurfafa a tashrihi dole ya san cikar hikimar Wanda Ya tsara ginin, amma ya ƙara da cewa wasu daga cikinsu karatun ne ya ɓatar da su, suka zaci rai ba komai ba ne sai daidaituwar jiki, in jiki ya rushe shi ke nan. Littafi ɗaya, aji ɗaya, wani ya fita da ƙarin imani, wani ya fita da shakka. Wannan rarrabuwa tana nan har yau a azuzuwan jami'a, kuma ba yawan karatu ke kawo ta ba. Idon da aka shiga da shi ne.

To, mai tafiya ya fara da duban ƙafarsa. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma a kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, akwai 26. Ƙafa biyu sun tashi 52, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwan jiki duka an zuba su ne a wurin da ya fi kusa da turɓaya, wurin da mutum bai cika dubawa ba sai ƙaya ta soke shi. An gina tafin ƙafa a lanƙwashe kamar bakan gizo na ɗakin soro, yana ɗan lotsawa in nauyi ya sauka, ya kuma miƙe ya tura mutum gaba. Diddige ke fara taɓa ƙasa, babban yatsa ke barinta a ƙarshe, agara kuma, wadda babu igiyar tsoka mai ƙarfinta a jiki, tana ɗaga gangar jiki duka a kowane taku. Jariri yakan shekara ɗaya ko fiye yana faɗuwa kafin ya iya wannan abin da babba ke yi yana waya.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Uwar Muminai A'isha (R.A) cewa an halicci ɗan Adam a kan gaɓoɓi 360, kuma a wasu ruwayoyin an bayyana cewa kowace gaɓa tana wayar gari da sadaka a kanta. Akwai masu ƙoƙarin su tilasta wa ƙidayar likitoci ta zo daidai da wannan adadi. Ƙoƙarin bai zama dole ba. Likitoci da kansu sun sha bamban wajen abin da suke ƙirgawa a matsayin gaɓa, kuma maganar Mai gaskiya abin gaskatawa ba ta jiran hatimin kowa. Abin lura shi ne irin sadakar da aka lissafa: sulhu tsakanin mutum biyu, taimakon mutum ya hau dabbarsa ko a ɗora masa kaya, kyakkyawar magana, kowane taku zuwa salla, kawar da abin cutarwa daga hanya. Kusan dukkansu a kan titi ake samun su. An kuma yi rangwame cewa raka'a biyu na walha suna biyan wannan bashi, amma wanda ya fita ya taka ya samu kasuwar da ake biyansa hannu da hannu.

Daga jami'a hanya za ta kawo shi Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, tsawonta ya ɗan haura mita 700. Kafin ita, da jirgin fito da kwalekwale ake ƙetarewa. An ƙara gada ta biyu a 2011, ta uku a 2021, amma har yanzu wannan ta fari ita ce ta masu ƙafa. A kanta ake gamuwa da ɗalibai, da 'yan kabu-kabu, da amalanken jaki, da raƙumi ɗauke da kaya, da mata masu kai kayan lambu kasuwa. A ƙasa masu wanki sun shanya tufafin gari a bakin ruwa.

A tsakiyar gadar ya kamata a tuna da Ibnun Nafis, likitan nan haifaffen Sham da ya rasu a Alƙahira a 1288. Likitocin da suka gabace shi, har da Jalinusu da Ibnu Sina, sun tafi a kan cewa jini yana ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani a jikin bangon da ke tsakaninsu. Ibnun Nafis, a sharhin da ya yi wa babin tashrihi na littafin Alƙanun, ya ce bangon a toshe yake. Dole jini ya fita daga dama, ya tafi huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ta hagu. Ɗakuna biyu ne maƙwabta, bango ɗaya ya raba su, amma babu yanke. Sai bayan ƙarni kusan huɗu, a 1628, William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini gaba ɗaya. Wani abin mamaki kuma, ɗan tayi a cikin mahaifa yana da ƙofa a tsakanin ɗakunan sama na zuciyarsa, domin ba ya numfashi, mahaifiyarsa ke yi masa. Bayan ya fito duniya ya shaƙi iska, ƙofar takan rufe.

Muridin da ya ɗauki wuridi jiya, yau yana tambayar ina fatahi, yana neman ƙofar da aka rufe tun ranar haihuwarsa. Kusanci gaskiya ne, Allah Ya fi jijiyar wuya kusa da bawa kamar yadda suratu Ƙaf ta nuna. Amma an ƙaddara wa jinin da ya gaji sai ya bi ta huhu, ya sauke abin da ya ɗauko, ya ɗauki sabon numfashi. Istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma, a wannan tsari da Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani (R.A) ya bari: wankewa ce ta fara zuwa kafin ado.

Kogin da ke ƙarƙashin gadar shi ma yana da nasa karatun. Daga tsaunukan Gini yake fitowa, kuma a Yamai sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwa ja mai laka, wanda ƙoramun kusa ke zubowa cikin gaggawa. Ta biyu tana zuwa cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama a Yamai. Ruwan da aka yi a Gini tun damina ne, ya bi ta Mali, ya bazu a fadamun da ke gaban Tumbuktu, ya yi watanni a hanya, ya iso a natse. Haka madadi yake zuwa wa wasu. Addu'ar da kaka ya yi, ko kallon da wani shehi ya yi wa yaro, ko wuridin shekara goma da aka yi ba a ji komai ba, sai su iso a lokacin da sararin sama ya bushe, mutum bai san daga ina ba.

Ruwan ja kuwa shi ne mai ɓarna. A Satumban 2020 kogin ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya karya madatsa, ya shiga unguwannin Harobanda irin su Lamorde da Karaje da Kirkisoye, dubban mutane suka koma kwana a makarantu. Manya kuma suna tuna watan Yunin 1985, lokacin da wannan kogin ya daina gudu a gaban birnin. Gazali ya kwatanta zuciya da tafki wanda ƙoramu ke zuba a cikinsa ta gaɓoɓin ji da gani, ya ce akwai kuma ruwa mafi tsabta da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan tafkin, in an toshe ƙoramun aka yi haƙa. Saurayin da waya ba ta barin hannunsa tun asuba har tsakar dare yana zaune ne a bakin ruwan ja, kuma madatsarsa ta yashi ce.

Da an sauka gada an shigo cikin gari, ba nisa sai gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959. A can akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da can, waɗanda aka tono daga hamadar jihar Agadas. Su ma haƙarƙari ne da gadon baya da muƙamuƙi, tsari ɗaya da na mai kallonsu. Wurin yana tuna wa mai karatu Abdullaɗif Albagdadi, malamin da yake Masar lokacin babbar yunwar wajen shekara ta 1200. An gaya masa akwai wani tudu a gefen Alƙahira da ƙasusuwan mutane suka taru, sai ya fita ya je ya gani. Ya duba ƙoƙon kai fiye da 2,000, ya tarar muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, alhali fiye da shekara dubu ana karantar da cewa biyu ne saboda Jalinusu ya faɗa. Ya girmama Jalinusu, amma ya fifita abin da ido ya shaida. Gani ya kori ji. Da ya zauna a zaure yana bitar littafi, da kuskuren ya wuce shi kamar yadda ya wuce na gabansa. Mutanen zauƙi sun san wannan bambanci tsakanin wanda aka ba labarin zuma da wanda ya lasa.

Daga nan hanya ta bi ta inda Ƙaramar Kasuwa take kafin gobarar 2012, ta miƙe zuwa Babbar Kasuwa, wadda ita ma ta ƙone a 1982 aka sake gina ta. Nan ne tumbin birni. Hatsi da albasa da kilishi da atamfa da wayoyi, duk nan suke shiga su rarrabu zuwa unguwanni. Wasu ikhwani suna ganin kasuwa abokiyar gabar zikiri ce, gara a kauce mata. Su tuna cewa a suratul Furƙan kafirai sun yi wa Manzon Allah (S.A.W) gori da cin abinci da tafiya a kasuwanni, Allah kuma Ya mayar musu da cewa haka manzannin da suka gabata suke.

Amma jarrabawa ce, kuma tashrihi yana nuna inda take. Mafi yawan abin da hanji ya tsotsa daga abinci ba ya wucewa kai tsaye zuwa zuciya. Akwai wata babbar jijiya da ke tattara jinin hanji ta kai shi hanta tukuna. Hanta, mai nauyin wajen kilo ɗaya da rabi, ita ke tsaye a ƙofa kamar ma'aikacin kwastan: ta ajiye abin ajiyewa, ta karya dafi, sannan ta saki saura. An yi wa ciki mai gadi tun a halitta. Ido da kunne ba a yi musu hanta ba. Abin da ido ya ɗauka a bakin kasuwa, ko surar da bai kamata ya bi da kallo ba, ko hajar da ta tayar masa da kwaɗayi, ko motar wani da ta sa shi raina abin da ke hannunsa, yana isa ciki ba tare da tacewa ba, kuma yakan jira sai an yi kabbarar salla ya fito. An bar wa bawa ya gina wannan ƙofa da kansa, ita ce runtse ido. Wanda ya ce wuridinsa ba ya yi masa daɗi, kafin ya zargi tasbaharsa ya tambayi idonsa inda ya wuni.

A nan misalin Gazali na birni yake fitowa sarai. Ya ce jiki kamar gari ne: zuciya sarki, hankali waziri, sha'awa bawa ne mai kawo wa gari abinci amma maƙaryaci, fushi kuma shugaban dogarai. Gari ba ya rayuwa in babu mai kawo abinci, ba ya zama lafiya in babu dogari. Ɓarna tana farawa ranar da waziri ya koma yi wa mai kawo abinci hidima. Shehu Muhyiddini Ibnu Arabi, wanda ya rasu a 1240, ya rubuta littafi sukutum a kan gyaran wannan masarauta ta ɗan Adam, mai suna Attadbiratul Ilahiyya.

A kowace unguwa mai tafiya zai wuce fada, samari a kan benci da butar shayi a kan gawayi. Ba a ce su tashi ba. Sahabbai ma sun gaya wa Annabi (S.A.W) cewa ba su da makawa daga zama a bakin hanya, sai ya sharɗanta musu haƙƙinta, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Fadar da yarinya ke canza hanya don kada ta bi ta gabanta ta ci bashin titi.

Daga Babbar Kasuwa in aka nufi Katako, sai a gamu da kwarin Guntu Yena, wanda ya ratsa birni ya gangara kogi. A gefensa lambuna ne kore shar, a cikinsa kuma ruwan ƙazantar unguwanni da leda baƙa. Mai mota yakan ɗaga gilashi ya wuce. Mai ƙafa dole ya shaƙa, ya kuma ga mutanen da ke aiki a wurin: masu yashe kwata, masu tura shara a kura, yaran da ke tsintar ƙarfe da roba su kai Katako, inda maƙera ke mayar da tsohuwar ganga murhu da akwati, da 'yan ga-ruwa masu tura jarkoki zuwa gidajen da famfo bai kai ba. Ruwan da birnin ke sha ma daga kogin nan ake ɗebo shi, a tace a Gudel da Yantala, wasu mutane da ba a san sunansu ba suna kwana a kansa.

A jiki ƙoda ke wannan aiki. Guda biyu ne, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, a ɓoye a bayan ciki. A kowace akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, suna tace ruwa kimanin lita 180 a kwana ɗaya, su mayar da kusan duka cikin jini, su fitar da lita ɗaya da rabi. Ba a taɓa jin mawaƙi ya yabi ƙodar masoyiyarsa ba. Ido ake yabo da haƙori. Amma wanda ya rasa ido yana iya shekara hamsin a duniya, wanda ƙodarsa biyu suka tsaya kuwa, in ba a ɗora shi kan injin wankin jini ba, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa layin wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, awa huɗu a kwance, ya san farashin abin da ake yi masa kyauta yana barci.

Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya kwatanta muminai da jiki ɗaya, wanda in gaɓa ɗaya ta yi ciwo sauran ke taya ta da zazzaɓi da rashin barci. Ana yawan karanta shi, amma likita ya san wani gefensa mai ban tsoro. Jin ciwo alamar lafiyar jijiya ce. Mai ciwon suga da ya daɗe, jijiyoyin jin da ke ƙafarsa sukan mutu a hankali. Sai ƙusa ta shige shi bai sani ba, ya wuni yana takawa a kanta, gyambo ya ruɓe, shi kuwa yana cewa lafiyarsa lau domin babu inda ke masa zafi. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai an kai ga yanke ƙafa. Saboda haka likitoci ke umartar irin wannan mutum ya riƙa duba tafin ƙafarsa da ido kowace rana, tun da ji ya riga ya tafi.

Birni ma yana kamuwa da wannan cuta. Yamai ta zama babban birni a 1926 tana ƙaramin gari, a ƙidayar 2012 mutanenta sun haura miliyan ɗaya, kuma akwai wanda aka haifa a cikinta, ya yi karatu, ya kama aiki, bai san ta ba sai ta gilashin mota, daga gida zuwa ofis zuwa masallacin Juma'a. In ruwa ya ci Kirkisoye a waya yake gani, tsakanin hoton biki da sakamakon ƙwallo. Yana barci lafiya, kuma barcin nan shi ne alamar cutar. Muridi ba ya tsira daga wannan don kawai yana da tasbaha. Yana yiwuwa mutum ya yi kuka a zikirin Juma'a, ya fito ya tsallake almajiri mai zazzaɓi a ƙofar zawiya bai gan shi ba. Maganin da aka ba mai suga shi ne nasa: ya je ya duba da ido. Ya taka zuwa Bukoki da Talaje da Lazare, ya yi sallama, ya tambayi sunan mai kawo masa ruwa, ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. A hankali jijiyar takan farfaɗo.

Akwai wata baƙar mace da ke share masallacin Annabi (S.A.W). Ta rasu, aka rufe ta ba a sanar da shi ba, kamar an ƙanƙantar da al'amarinta. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya taka ya je ya yi mata salla. Shugaban halitta ya lura da rashin mai shara.

Tafiyar tana ƙarewa a maƙabartar Musulmi ta Yantala, inda unguwannin Yamai duka ke haɗuwa, na tudu da na kwari, kowa a kafaɗar wasu. Wannan ce tafiya ɗaya da ƙafar mutum ba ta yi masa. A cikin Buhari da Muslim, daga Anas, an bayyana cewa in an sa bawa a kabari mutanensa suka juya, yana jin ƙarar takalmansu. Sautin ƙarshe da ke isa gare shi daga birni na taku ne. Daga nan ƙasusuwa 206 za su bi ƙasa, ban da ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, ajbuz zanabi, wanda hadisin Abu Huraira ya nuna daga gare shi za a sake haɗa halitta. Ɗalibin tashrihi ya riƙe irinsa a hannu a ɗakin karatu, ƙarami ne, ba shi da wani kwarjini. Suratu Yasin kuma ta ba da labarin ranar da za a rufe baki, ƙafafu su ba da shaida, kuma tun a farkonta ta ambaci rubuta sawun mutane. Banu Salima sun so su taso daga unguwarsu mai nisa su dawo kusa da masallaci, Annabi (S.A.W) ya ce su zauna inda suke, ana rubuta musu takunsu.

In rana ta yi ja a kan kogi, mai tafiya zai nemi buta. A alwala ƙafa ce ƙarshen wanki, kuma an yi gargaɗi mai tsanani a kan barin diddige a bushe, an kuma yi bushara a hadisin Muslim cewa zunuban da ƙafa ta taka zuwa gare su suna fita tare da ruwan. Sannan a zauna. Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura kusan lita 5 a kowane minti, amma daga duk jinin da ke ratsa ɗakunanta ba ta ci. Tana da nata ƙananan jijiyoyi da ke kewaye da ita, kuma Ibnun Nafis ya riga ya faɗi cewa ta su take samun abincinta. Likitocin baya suka ƙara gano cewa lokacin da take matsewa tana tura wa jiki jini, waɗannan jijiyoyin a danne suke. Mafi yawan rabonta yana shigowa ne a ɗan sakin da ke tsakanin bugu da bugu. In bugun ya yi sauri ƙwarai, wannan ɗan sakin shi ke fara gajarta.

Bayan Magariba ana shimfiɗa farin ƙyalle, ikhwani su kewaye shi, muƙaddami ya ɗauko istigfari. A ƙofar zawiya takalma sun taru, na fata da na roba, na ɗalibi da na ɗan ga-ruwa, duk da jar ƙurar Yamai a jikinsu.

Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa ala alihi wa sahbihi wa sallam.